Maganin Rage Ciwo ga Dabbobi: Amsa ga Wani Mai Kiwo daga Azare

Wani mai kiwo daga Azare ya aiko da tambaya. Ya ce yana turke raguna don kasuwar layya, yana da shanun huɗa biyu da doki ɗaya, a cikin gida kuma akwai kyanwa da karen gadi. Duk lokacin da ɗayansu ya kama ɗingishi ko ya ji rauni, yakan aika kemis a sayo farasitamol ko diklofenak, wani lokaci har tiramadol, a daka a ɗura masa. Yana son ya san ko hakan daidai ne, in kuwa ba daidai ba ne, wane magani guda zai ajiye a gida wanda zai wadatar da su duka.

Alhaji, niyyarka mai kyau ce, domin da yawa daga cikin masu kiwo ba sa ma ɗaukar ciwon dabba a matsayin abin da ake yi wa magani, alhali addini ya umarce mu da kyautata mata har a lokacin yanka. Sai dai maganin guda da kake nema babu shi. Dabbobi biyar ka lissafa, kuma hanta da ƙoda da cikin kowacce daga cikinsu suna sarrafa magani ta hanya daban. Abin da zai sauƙaƙa wa doki yana iya kayar da sa, abin da kai za ka sha ka tafi gona yana iya kashe kyanwa kafin kwana biyu. Adadin da zan riƙa ambata a ƙasa ba don ka ɗauki sirinji da kanka ba ne, don ka ga girman bambancin ne, ka kuma iya bin abin da likitan dabbobi yake yi idan ya zo.

Kafin magani, sai an gane cewa ciwon yana nan. Shanu da tumaki da awaki ba sa kuka da ciwo kamar kare, halittarsu ce su ɓoye rauni saboda a daji mai rauni namun dawa suke fara kamawa. Alamominsu a ɓoye suke: dabba ta daina tuƙa, ta ware daga 'yan'uwanta, ta gantsare ko ta ƙudundune baya, kunnuwa su sauka, ta riƙa cizon haƙora har ka ji ƙarar daga nesa. Jaki ya fi kowa ɓoyewa, sau da yawa abin da kawai za ka gani shi ne ya sunkuyar da kai ya tsaya a gaban abinci yana taɓawa da leɓe ba ya ci. Doki shi ne mai nuna nasa a fili.

Maganin da likitocin dabbobi suka fi dogaro da shi a aikin yau da kullum shi ne rukunin masu rage kumburi da zafi da zazzaɓi, dangin asfirin. Idan nama ya ji rauni, jiki yana fitar da wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, su ne suke kumbura wurin, su sa jijiyoyi su ƙara jin zafi. A 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya nuna cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana jiki ƙera waɗannan sinadarai, kuma duk magungunan rukunin haka suke yi. Matsalar ita ce waɗannan sinadaran suna da wani aikin na alheri: su ne suke kare bangon ciki daga ruwan tsamin da ke narka abinci, su ne kuma suke buɗe hanyoyin jini zuwa ƙoda idan ruwan jiki ya yi ƙasa. Saboda haka illar rukunin gaba ɗaya biyu ce, gyambon ciki da lalacewar ƙoda, kuma ta biyun ta fi damuna a ƙasar Katagum. San da ya yini yana huɗa a farkon damina, ko wanda aka koro da ƙafa daga kasuwa cikin zafin bazara, ko ragon da ya kwana biyu yana zawo, duk ruwan jikinsu ya ragu. A yi wa irin wannan dabba allurar rage ciwo ba a fara shayar da ita ba, garin neman gira ne a rasa ido. Idan ka ja fatar wuya ka saki ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba, ko ido ya faɗa, ruwa ne farko.

A cikin rukunin, wanda na fi yarda da shi ga shanu da tumaki shi ne meloksikam. Yana da sauƙi a kan ciki fiye da sauran, kuma allura ɗaya a ƙarƙashin fata tana ɗaukar sa kwana biyu zuwa uku. Ma'auninsa ga shanu rabin miligiram ne a kowane kilo na nauyin jiki. Idan kwalbar mai miligiram 20 a kowace mililita ce, san da ya kai kilo 300 zai sami mililita 7.5. Amma akwai wata kwalbar mai miligiram 5 kacal a mililita, wadda aka yi don maruƙa da karnuka, sunan ɗaya, ƙarfin ya bambanta ninki huɗu. Wanda ya haddace adadin mililita bai karanta jikin kwalba ba, ko dai ya ba da abin da bai isa ba, ko ya zarce ƙwarai. Nauyin kansa ba a ƙiyasta shi da ido. In babu sikeli, a ɗauki awon tela a zagaye ƙirjin sa daidai bayan ƙafafun gaba, a kuma auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya. Duk awon da santimita ne: a ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840, abin da ya fito shi ne nauyin a kilo. Ƙirji santimita 160 da tsawo 130 zai ba ka kusan kilo 307.

Akwai ketofurofen da fuluniksin, su ma ana amfani da su ga shanu wajen ciwon hantsa, ruɓewar kofato, zazzaɓi, da gyambon ciwon baki da kofato wanda yake hana dabba ci. Fuluniksin ba a so a yi wa saniya daf da haihuwa ko da zarar ta haihu, domin yana ƙara yiwuwar mabiyiya ta maƙale.

Game da ƙwayoyin kemis da kake ɗura wa shanu, yawancin lokaci asarar kuɗi ce kawai. Tumbin babban sa yana ɗaukar lita masu yawa na ciyawa da ruwa, ƙwaya biyu in sun faɗa ciki sun ɓace. Ma'aunin asfirin da littattafan likitancin dabbobi suka ba shanu ya kai miligiram 100 a kowane kilo, wato san kilo 300 yana bukatar giram 30, daidai da ƙwaya ɗari ta miligiram 300, kuma sau biyu a rana. Wanda ya ba da ƙwaya biyu ya ga san ya warware, ciwon ne ya tafi don kansa.

A wajen kyanwa da kare kuwa lamarin ya wuce asarar kuɗi. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke ɗaure farasitamol ya fita da shi ta fitsari, sai maganin ya juye ya zama guba mai lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa. Cikin 'yan sa'o'i za ka ga tana dalalar da miyau, tana haki, fuska da tafukan ƙafa sun kumbura, in ka ɗaga leɓenta dasashin ya koma ruwan ƙasa maimakon ja-ja. Akwai makari, asetilsistin, amma sai an kai ta da wuri. Kare yana jure farasitamol a ma'aunin da likita ya ƙididdige masa, amma ibufurofen da diklofenak na mutane suna huda masa ciki, alamar kuwa amai da baƙin kashi mai kama da kwalta. Karnuka suna da nasu, karfurofen ko meloksikam, ana ba su tare da abinci, a kuma tsaya da zarar kare ya fara amai ko ya ƙi ci. Kada a taɓa haɗa magunguna biyu na dangin asfirin a lokaci guda.

Diklofenak yana da wani labarin da ya kamata kowane mai shanu ya sani. Daga farkon shekarun 1990 ungulaye suka fara mutuwa a Indiya da Pakistan da Nepal, har wasu nau'o'insu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari a 'yan shekaru. A 2004 aka tabbatar da dalilin: ana yi wa shanu allurar diklofenak, saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta lalace. A 2006 ƙasashen uku suka haramta shi a maganin dabbobi, aka maye gurbinsa da meloksikam, wanda gwaji ya nuna ba ya cutar da ungulu. A ƙasarmu farauta da sa guba a mushe su ne manyan abubuwan da suka ƙarar da ungulayen da a da suke cika mahauta, kuma tun 2015 ungulun tamu tana cikin jerin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa. Sauran da suka rage ba sa bukatar ƙarin masifa, saboda haka dabbar da ta mutu bayan allura a binne ta, kada a jefar a bayan gari.

Yanzu ga ragunan turke, inda na fi ganin ana ɗaukar alama a matsayin cuta. Ragon da aka cika wa dusa da hatsi da ragowar tuwo, harawa kaɗan, ruwa kaɗan, yana fuskantar abubuwa biyu. Na farko, abincin ya yi tsami a tumbi, gubar ta sauka a kofato, sai ka ga rago yana taka ƙasa a tsorace ko ya durƙusa a gwiwa yana cin abinci. Maganin rage ciwo yana da amfani a nan, amma in ba a rage hatsin an ƙara harawa ba, gobe ma haka. Na biyu ya fi haɗari. Dusa tana da sinadarin fosfaras mai yawa, wanda yake taruwa ya zama tsakuwa a mafitsara, tsakuwar ta gangaro ta toshe 'yar siririyar hanyar fitsarin rago. Za ka gan shi ya miƙe jiki yana yunƙuri, yana kaɗa wutsiya, yana cizon haƙora, fitsari yana ɗiga ko ba ya fita sam, kuma mutane sukan zaci kashi ne ya ƙi fita. Idan aka yi masa allurar rage ciwo ya natsu, maigida ya kwanta da murna, fitsarin yana nan yana taruwa, ƙodar da ta riga ta matsu ta ƙara shan wahala, bayan kwana ɗaya ko biyu mafitsara ta fashe. Abin da yake bukata shi ne a buɗe hanyar, sau da yawa ta hanyar yanke ɗan siririn naman da ke kan al'aurarsa inda tsakuwar ta fi maƙalewa. Haka ma tunkiya ko akuyar da tumbinta ya cika da leda, babu allurar da za ta fitar da ita sai tiyata.

Doki shi ma haka, kuma duk mai barga a jihar Bauchi ya san yadda ciwon ciki yake tashi a lokutan hawan salla, lokacin da ake ƙara wa dawaki hatsi farat ɗaya. Dokin yana kartar ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana zufa, yana son ya kwanta ya yi birgima. Fuluniksin ne babban maganin wannan, miligiram 1.1 a kowane kilo, ta jijiyar wuya, ba ta tsoka ba, domin allurarsa a tsokar doki takan jawo mummunan ruɓewar nama. Ƙarfinsa ne haɗarinsa, domin yana iya kwantar da dokin da hanjinsa ya murɗe har a zaci ya warke. Shi ya sa likita yake ƙidaya bugun zuciya kafin allura. Lafiyayyen doki yana bugawa tsakanin 28 da 44 a minti, in ya haura 60 lamarin babba ne. Yana duba launin dasashi, ya saurari motsin hanji, ya tambayi yaushe rabon dokin da kashi. Idan ciwon ya dawo bayan sa'a ɗaya ko biyu, wannan ba dalilin ƙara allura ba ne, shaida ce cewa akwai abin da ya fi ƙarfin allura. Don ɗingishi da ciwon gaɓoɓi akwai fenilbutazon, tsohon maganin dawaki mai araha. Idan ya zuba a wajen jijiya yana cinye naman wurin, in an daɗe ana bayarwa yana kawo gyambon baki da ciki da hanji, kuma bai kamata ya kusanci dabbar da za a ci namanta ko a sha nononta ba, saboda yana iya lalata ɓargon ɗan Adam.

Maganin da a ganina aka fi tauye wa haƙƙi shi ne lidoken, allurar kashe wuri. Ga araha, ga aiki cikin minti biyar zuwa goma, yana kuma toshe jijiyar gaba ɗaya na kamar sa'a ɗaya zuwa biyu, ta yadda saƙon zafi ba ya isa ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Duk da haka har yau ana dandaƙa, ana fiɗiya, ana yanke ƙaho, ana ɗinke rauni da ƙarti huɗu a danne da dabba. Mililita biyar a ƙarƙashin ƙashin da ke tsakanin ido da gindin ƙaho sun isa su kashe ƙahon sa. Idan mahaifar saniya ta zazzago bayan haihuwa, likita yakan ɗaga wutsiya sama da ƙasa ya lalubi ɗan gurbin da ke motsi a gindinta, ya zuba kamar mililita biyar a nan. Nan da nan wutsiyar ta yi laushi, yunƙurin ya tsaya, saniyar tana tsaye, a wanke mahaifar a mayar da ita a natse. Iyakarsa biyu: ba ya kamawa sosai a wurin da ya yi mugunya, kuma ƙananan awaki ba sa jure shi. Ɗan akuya mai kilo uku, mililita ɗaya da rabi ta kwalbar kashi biyu cikin ɗari tana iya zame masa guba, don haka ake sirka masa da ruwan allura. Mafi kyawun tsari a duk aikin yanka shi ne a haɗa biyun, lidoken don lokacin aikin, meloksikam don raɗaɗin da ke biyo baya, kuma a ba da su kafin wuƙa ta taɓa fata, domin ciwon da aka tare ya fi sauƙin sarrafawa a kan wanda ya riga ya kama.

Zailazin, wanda ake kwantar da dabba da shi, ba na gida ba ne ko kusa. Shanu sun fi doki jin sa kusan ninki goma: dokin kilo 300 yana ɗaukar miligiram 330, san da ya kai nauyinsa kuwa 15 zuwa 30 sun ishe shi. Shi ma kwalbarsa iri biyu ce, mai kashi biyu da mai kashi goma cikin ɗari. Yana sa saniya mai tsohon ciki ɓari, yana kumbura tumbi, yana tauye numfashin tumaki. Rage zafinsa kuma bai cika wuce rabin sa'a ba, alhali mayen yana kai sa'a biyu, don haka dabba tana iya zama a kwance shiru tana jin komai. Diyazefam ma natsuwa kawai yake kawowa, ba ya taɓa ciwo. Deksametazon da ake sayarwa a kasuwannin ƙauye yana saukar da kumburi, gaskiya ne, amma yana raunana garkuwar jiki, yana zubar da tsohon cikin saniya da akuya da tunkiya, in aka haɗa shi da dangin asfirin kuma gyambon ciki ya samu hanya.

Tiramadol ka bar shi gaba ɗaya. Dangin mofin ne, wato magungunan rage ciwo masu ƙarfi da ke sa maye, dokar ƙasa ta killace shi, sai da takardar likita, kuma hukumar NDLEA tana kama mai riƙe da shi ba bisa ƙa'ida ba. Ko a likitance ba shi da ƙarfin da ake zato: sai hanta ta juya shi zuwa wani sinadari kafin ya yi aiki sosai, hantar kare kuwa kaɗan take juyawa, har wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna bai amfani karnuka masu ciwon gaɓoɓi da komai ba, alhali karfurofen ya amfane su. Al'adar ba shanun huɗa tiramadol don su jure aiki ta yi nisa a yankinmu fiye da yadda ake tsammani. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar sun sami tiramadol a saiwar tafashiya a Kamaru, suka ɗauka itacen ne yake ƙera shi. A 2014 wasu masanan daga Jamus suka nuna cewa a arewacin ƙasar, inda manoma suke sha suna kuma ba shanunsu, fitsari da kashi ne suka zuba maganin a ƙasa saiwar ta zuƙa, a kudu kuwa ba su sami komai a itacen ba. San da karkiya ta ci wa wuya ko kofatonsa ya tsage, hutu da gyaran karkiya da wanke miki yake bukata. Magunguna masu ƙarfi na wannan dangi, irin su fentazosin da mofin, suna da gurbinsu a ɗakin tiyata da karaya, a hannun likita.

Abin da za ka ajiye a gida, in ka bi shawarata, shi ne ma'aunin zafin jiki, awon tela, ruwan aidin na wanke rauni, auduga da bandeji, da littafin da za ka riƙa rubuta sunan kowane magani da ranar da aka yi shi. Idan kana nesa da asibitin dabbobi, likitan da ya san garkenka yana iya bar maka meloksikam ya rubuta maka ma'aunin kowace dabba da sunanta, ya nuna maka wurin allura. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a guji kwalbar da ta yini a rana a kan tabarmar kasuwa.

Littafin yana da muhimmanci saboda kwanakin jira. Kowane magani yana da wa'adin da dole ya cika kafin a ci nama ko a sha nono, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. Na allurar meloksikam ga shanu a Turai kwana 15 ne ga nama, kwana 5 ga nono. Mai sayar da ragon layya ya lissafa wannan daga ranar salla ya dawo baya, in kuma dole ta sa aka yi allura a makon ƙarshe, haƙƙin mai saye ne a gaya masa. Haka idan babban sa ya karye a cinya ko a sama da gwiwa, inda ɗori ba ya cika kamawa saboda nauyinsa, a yanke shawara tun kafin a buɗe kwalba: jinya za a yi ko yanka. In yanka ne, a yi shi nan take ba tare da allura ba, domin da zarar maganin ya shiga jiki sai san ya yi mako biyu a kwance a kan karayar kafin naman ya dace da ci.